BABI NA HUƊU: Muhawarar Kiristocin Amurka Masu Ra'ayin Riƙau Kan Sanya Yaƙi da Talauci Cikin Manufofinsu na Siyasa, 1947 Zuwa 2025

4.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin yadda Kiristocin Amurka masu ra'ayin riƙau suka shiga fagen siyasa gadan-gadan, har suka zama ginshiƙi a jam'iyyar Rifabilikan. A wannan babi kuwa za a waiwayi wata muhawara da ta daɗe tana ci a tsakaninsu, wato ko ya dace su tsaya a kan batutuwan da aka san su da su, kamar yaƙi da zubar da ciki da kare martabar aure, ko kuwa su faɗaɗa manufofinsu har su haɗa da yaƙi da talauci. Waɗanda ake magana a kansu su ne 'yan Furotesta da ake kira masu bishara, waɗanda suka ɗauki Littafi Mai Tsarki a matsayin hukunci na ƙarshe, suka kuma yi imani da sake haihuwar mutum ta hanyar tuba, da wajibcin yin wa'azi. Galibin waɗanda muhawarar ta shafa fararen fata ne, domin majami'un baƙaƙen fata tun asali ba su cika raba wa'azi da neman haƙƙin talaka ba. Babin zai nuna cewa babu ɓangaren da ya musanta wajibcin taimakon talaka. Saɓanin yana kan abu uku ne: wane ne ke da alhakin taimakon, ta wace hanya za a yi shi, kuma wace asara za a yi a siyasa idan aka sa shi a gaba.

4.1 Tushen Muhawarar

A ƙarni na 19 masu bishara ba su ɗauki gyaran al'umma a matsayin baƙon abu ba. A Ingila, William Wilberforce ya jagoranci fafutukar da ta kai ga haramta cinikin bayi a 1807, sa'annan William Booth ya fara aikin da ya zama Salvation Army a unguwannin talakawan Landan a 1865. A Amurka ma mai wa'azi Charles Finney ya yi Allah wadai da bauta a fili.

Abubuwa sun sauya a farkon ƙarni na 20. Wani fasto ɗan Baftis mai suna Walter Rauschenbusch, wanda ya yi aiki cikin leburorin birnin New York, ya wallafa littafi a 1907 inda ya nuna cewa zunubi yana cikin tsarin tattalin arziki kamar yadda yake cikin zuciyar mutum. Wannan ra'ayi shi aka sani da bisharar zamantakewa. Sai dai da yawa daga masu riƙe da shi sun sassauta a kan wasu aƙidu, kamar mu'ujizoji da rashin kuskuren Littafi Mai Tsarki. Masu ra'ayin riƙau sun mayar da martani da maƙalu 90 da aka buga tsakanin 1910 da 1915 domin kare tushen addini. Daga nan sai maganar gyaran tattalin arziki ta zama abin zargi a wurinsu, saboda ta fito daga bakin waɗanda suke ganin sun kauce hanya. Tun kafin wannan lokaci, mai wa'azi Dwight Moody yakan kwatanta duniya da jirgin ruwan da ya fashe, aikin mai wa'azi kuwa shi ne ya tsamo waɗanda zai iya cikin kwalekwale. Wanda ya ɗauki duniya haka ba zai ɓata lokaci wajen gyaran jirgin ba.

Ya kamata a lura cewa ba su daina sadaka ba. Mishan ɗin SIM ta gudanar da wuraren jinyar kutare a Arewacin Nijeriya, ta kuma buɗe asibitin Galmi a Nijar a 1950, shekarar da Bob Pierce ya kafa ƙungiyar agaji ta World Vision. Ke nan abin da suka ƙaurace wa shi ne neman canjin dokoki domin talaka. Wannan bambanci tsakanin sadaka da siyasa shi ne gishirin muhawarar baki ɗaya.

4.2 Yunƙurin Farko, 1947 Zuwa 1977

Wanda ya fara tayar da maganar daga cikin gida shi ne masanin tauhidi Carl Henry. A wani ɗan ƙaramin littafi da ya wallafa a 1947 ya zargi 'yan'uwansa da yin shiru a kan yaƙi da wariyar launin fata da zaluntar ma'aikata. Maganarsa ta yi nauyi domin babu mai shakkar aƙidarsa, shi ne ma ya zama editan farko na mujallar Christianity Today da Billy Graham ya kafa a 1956.

A watan Nuwamba na 1973 wasu shugabanni kimanin 50 suka taru a Chicago bisa jagorancin Ronald Sider, suka sa hannu a kan wata sanarwa da ta amsa laifin masu bishara na yin sakaci da talakawa da waɗanda ake zalunta. Henry na cikin masu sa hannu, haka ma Jim Wallis da John Perkins. A watan Yuli na 1974 kuma aka yi babban taron Lausanne a ƙasar Siwizalan, inda René Padilla na Ekwado da Samuel Escobar na Peru suka soki bisharar da ke ceton rai ta bar ciki da yunwa. Yarjejeniyar taron, wadda John Stott na Ingila ya jagoranci tsara ta, ta keɓe sashe na biyar domin alhakin Kirista a kan al'umma. A nan za a ga cewa matsin lamba mafi ƙarfi ya fito ne daga Kiristocin ƙasashe matalauta.

A 1977 Sider ya wallafa littafinsa a kan Kiristoci mawadata a zamanin yunwa, inda ya nemi a rage holewa, a kuma gyara dokokin ciniki tsakanin ƙasashe. A 1981 David Chilton ya mayar masa da martani da littafi guda, yana zarginsa da cusa gurguzu cikin rigar addini. Kasancewar ana tsakiyar yaƙin cacar baka da Tarayyar Sobiyet, wannan zargi ba ƙaramin makami ba ne.

4.3 Zamanin Taƙaita Manufa

Duk da waɗannan yunƙure-yunƙure, ba su ne suka ja akalar siyasar masu bishara ba. A 1979 Jerry Falwell, wanda a 1965 ya yi wa'azin cewa ba aikin fasto ba ne shiga siyasa, ya kafa ƙungiyar Moral Majority tare da taimakon Paul Weyrich. Batutuwanta su ne zubar da ciki, wanda Kotun Ƙoli ta halatta a 1973, da addu'a a makarantu, da kare iyali, da ƙarfafa soja. Masanin tarihi Randall Balmer ya ƙara da cewa rigimar cire wa makarantun addini masu wariyar launin fata rangwamen haraji, irin su Jami'ar Bob Jones, ta taka rawa wajen zaburar da su. Ƙawancen da suka ƙulla da Ronald Reagan a 1980 ya haɗa su da masu neman rage haraji da rage tallafin gwamnati, don haka maganar talauci ta rasa wurin zama.

Ƙungiyar Christian Coalition da Pat Robertson ya kafa a 1989 ta gaji wannan tafarki. Amma daraktanta Ralph Reed ya rubuta maƙala a 1993 yana ba da shawarar a faɗaɗa koma, a riƙa magana a kan haraji da ilimi da aikata laifuka, domin jawo waɗanda batun zubar da ciki kaɗai ba ya motsa su. A Janairun 1997 ya ƙaddamar da shirin Basamariye domin matalautan unguwannin birane, sai dai ya bar ƙungiyar a wannan shekara, shirin kuma bai yi nisan kwana a hannunta ba.

A wannan zamani ne masu ra'ayin riƙau suka samu tasu amsar ga talauci. Marvin Olasky ya wallafa littafi a 1992 yana cewa tallafin gwamnati ya mayar da talaka cima-zaune, alhali taimakon majami'u na da, wanda ke haɗe da nasiha da aiki, ya fi amfani. Wannan tunani ya yi tasiri a kan dokar gyaran tallafi ta 1996, wadda ta ƙayyade shekara 5 a matsayin iyakar karɓar tallafin kuɗi na tarayya, ta kuma ba ƙungiyoyin addini damar karɓar kuɗin gwamnati domin ayyukan jinƙai. Shugaba George W. Bush ya buɗe ofishi na musamman domin wannan a Janairun 2001. To amma David Kuo, wanda ya riƙe muƙamin mataimakin darakta a ofishin, ya bayyana a littafinsa na 2006 cewa kaɗan ne aka bayar daga dala biliyan 8 da aka yi alkawari.

4.4 Talaucin Nesa: Bashi da Cutar Ƙanjamau

Inda faɗaɗa manufa ya yi nasara sosai shi ne a kan talaucin ƙasashen waje. Gangamin Jubilee 2000 ya ɗauko sunansa daga Littafin Firistoci sura ta 25, inda aka umarci a saki bayi, a mayar wa mutane gonakinsu duk bayan shekara 50. Da wannan hujja mawaƙi Bono ya shawo kan Sanata Jesse Helms, wanda ya yi suna wajen adawa da taimakon ƙasashen waje. A shekarar 2000 majalisar Amurka ta amince da dala miliyan 435 domin yafe bashi, Pat Robertson ma ya goyi baya. A 2005 ƙasashe 8 masu ƙarfin tattalin arziki suka amince a soke bashin da manyan cibiyoyin kuɗi na duniya ke bin ƙasashe 18, ciki har da Nijar da Ghana. Kafin taron nasu a Gleneagles, Fasto Rick Warren ya nemi fastoci su sa hannu a wasiƙar da ke roƙon Bush ya ƙara himma. Warren ya sha faɗin cewa ya yi shekaru yana karanta Littafi Mai Tsarki ba tare da ya lura da ayoyi kimanin 2,000 da ke magana a kan talaka ba.

Haka abin ya kasance ga cutar ƙanjamau. A Fabrairun 2002, a wani taro da Franklin Graham ya shirya, Helms ya ce yana jin kunyar ɗan abin da ya yi a kan cutar. A Janairun 2003 Bush ya sanar da shirin PEPFAR na dala biliyan 15 cikin shekara 5, Nijeriya kuma tana cikin ƙasashe 15 da aka fi mayar da hankali a kansu. Ya zuwa 2023 gwamnatin Amurka ta ƙiyasta cewa shirin ya ceci rai miliyan 25. Dalilan nasarar a bayyane suke: shugaban da ya kawo shirin ɗan jam'iyyarsu ne, kuɗin bai taɓa tsarin harajin gida ba, ƙungiyoyin mishan sun san matsalar ido da ido, kuma dokar 2003 ta keɓe sulusin kuɗin rigakafi domin wa'azin kame kai kafin aure.

4.5 Talaucin Gida: Misalin Jihar Alabama

Abin da ya faru a jihar Alabama a 2003 ya nuna ɗaya fuskar. A lokacin, iyali mai mutum 4 yana fara biyan harajin kuɗin shiga da zarar samunsa ya kai dala 4,600 a shekara, alhali kamfanonin katako masu manyan filaye suna biyan harajin ƙasa ɗan kaɗan. Wata malamar shari'a a Jami'ar Alabama, Susan Pace Hamill, ta rubuta nazari a 2002 tana cewa wannan tsari ya saɓa wa koyarwar Littafi Mai Tsarki. Gwamna Bob Riley, ɗan Rifabilikan kuma ɗan Baftis mai ra'ayin riƙau, ya gabatar da shirin ƙarin haraji na dala biliyan 1.2, wanda zai sauƙaƙa wa talaka ya ɗora wa mawadata, yana mai kafa hujja da wajibcin kula da marasa galihu.

Nan fa gida ya rabu biyu. Uwar ƙungiyar Christian Coalition ta ƙasa, ƙarƙashin Roberta Combs, ta goyi bayan gwamnan, reshenta na Alabama kuwa ƙarƙashin John Giles ya yaƙi shirin. Masu adawa sun ce matsalar jihar ita ce almubazzarancin gwamnati. A ƙuri'ar raba-gardama ta 9 ga Satumba 2003 shirin ya sha kaye, inda kusan kashi biyu bisa uku suka ƙi shi, har da talakawa da yawa da zai amfana, saboda rashin amincewa da 'yan majalisar jihar. Sai a 2006 aka ɗaga matakin fara biyan harajin zuwa sama da dala 12,000.

4.6 Rikicin 2004 Zuwa 2008

A Oktoban 2004 Ƙungiyar Masu Bishara ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1942, ta fitar da takardar manufa mai ginshiƙai 7: 'yancin addini, iyali, alfarmar rai, adalci ga talaka, haƙƙin ɗan'adam, zaman lafiya, da kula da halitta. Wata guda bayan haka Bush ya sake cin zaɓe da kashi 78 cikin 100 na ƙuri'un fararen fata masu bishara, abin da ya ƙara wa tambayar kaifi: me za a yi da wannan ƙarfi? Guguwar Katrina ta Agustan 2005 ta tona talaucin birnin New Orleans, kuma a Disamban shekarar aka kama Jim Wallis da mutum fiye da 100 suna zanga-zangar ƙin rage kuɗin tallafi a harabar majalisa. Manyan ƙungiyoyin masu ra'ayin riƙau ba su halarta ba.

Rikicin ya fito fili a Nuwamban 2006. An riga an zaɓi Fasto Joel Hunter na majami'ar Northland a jihar Florida ya shugabanci Christian Coalition daga Janairun 2007, amma ya janye kafin ya kama aiki. Ya bayyana cewa ya so a haɗa talauci da muhalli cikin manufofin ƙungiyar, hukumar gudanarwa kuma ta nuna masa cewa ba waɗannan ne ke gaban magoya bayanta ba. A lokacin ƙungiyar tana fama da bashi, kuma a wannan shekara rassanta na Iowa da Ohio da Alabama da Georgia sun ɓalle. Ana iya fahimtar cewa tsoron rasa sauran magoya baya ya rinjayi hukumar da ta goyi bayan Riley shekara 3 kafin nan.

A Maris na 2007 James Dobson da Tony Perkins da Gary Bauer da wasu shugabanni suka rubuta wa Ƙungiyar Masu Bishara ta Ƙasa wasiƙa suna neman a taka wa wakilinta a Washington, Richard Cizik, birki ko a sauke shi. Sun ce maganar ɗumamar yanayi da yake yi tana kawar da hankali daga manyan batutuwan ɗa'a, wato rai da aure da kame kai. Hukumar ƙungiyar ta ƙi amsa buƙatar, ta sake jaddada takardar 2004. Amma a Disamban 2008 Cizik ya yi murabus bayan ya nuna sassauci a kan zaman tare na masu jinsi ɗaya a wata hira ta rediyo. Faɗuwar tasa ta ƙarfafa zargin da masu adawa suka daɗe suna yi, cewa wanda ya fara da faɗaɗa manufa yakan ƙare da sassauta aƙida.

4.7 Hujjojin Ɓangarorin Biyu

Masu son faɗaɗawa sun dogara da Matiyu sura ta 25, inda aka danganta hisabi da ciyar da mayunwaci da ziyartar marar lafiya da ɗan kurkuku, da kuma littattafan annabawa irin su Amos da Ishaya da suka tsawata wa masu mulki. Sun ce kare rai bai kamata ya tsaya a kan ɗan tayi ba, kuma talauci yana cikin abubuwan da ke tura mata zubar da ciki. Sun ƙara da cewa sadakar majami'u duka ba za ta maye gurbin abin da gwamnati ke kashewa a kan abinci da magani ba.

Masu adawa kuwa suna da hujja uku. Ta farko, umarnin ciyar da talaka ga mai bi da ikilisiya aka yi shi, kuma abin da aka karɓa da tilas ta hanyar haraji ba sadaka ba ne. Ta biyu, haramcin kisan ɗan tayi a fili yake, amma hanyar rage talauci abu ne da masu imani za su iya saɓani a kai, saboda haka bai dace a ɗora wa Allah wata manufar tattalin arziki ba. Ta uku ta siyasa ce: taura biyu ba ta taunuwa, ƙungiyar da ta rarraba ƙarfinta za ta rasa tasiri. An ga waɗannan hujjoji suna karo a majalisar wakilai a 2013, lokacin da Juan Vargas ya kafa hujja da Matiyu 25 domin kare tallafin abinci, Stephen Fincher kuma ya mayar masa da 2 Tasalonikawa 3:10, wadda ta ɗaure ci da yin aiki.

4.8 Bayan 2008

Sanarwar Manhattan ta Nuwamban 2009, wadda Charles Colson na cikin masu tsara ta, ta sake fifita abu uku: rai da aure da 'yancin addini. A ɗaya ɓangaren, a 2011 Ƙungiyar Masu Bishara ta Ƙasa ta haɗa kai da bishop-bishop na Katolika da wasu domin roƙon kada a taɓa kuɗin talakawa a rikicin kasafin kuɗi, kuma dokar da aka zartar a Agustan shekarar ta tsame tallafin abinci da na magani daga ragin dole. A 2018 John MacArthur da wasu suka fitar da sanarwar da ke gargaɗi a kan aƙidar adalcin zamantakewa. A rumfar zaɓe kuwa babu abin da ya canza: fararen fata masu bishara sun ba John McCain kimanin kashi 74 a 2008, sun ba Donald Trump kusan kashi 80 a 2016 da 2024.

A 2025 gwamnatin Trump ta rushe hukumar agaji ta USAID. A watan Yuli na shekarar, bayan koke-koke daga ɓangarori da dama har da ƙungiyoyin masu bishara, Majalisar Dattawa ta tsame ragin dala miliyan 400 da aka so a yi wa PEPFAR. A cikin watan nan ne kuma aka sa hannu a dokar da ta rage kuɗin tallafin abinci da na magani ga talakawan Amurka.

4.9 Naɗewa

A wannan babi an bi diddigin muhawarar tun daga kiran Carl Henry na 1947 har zuwa 2025. An ga cewa masu son faɗaɗa manufa sun yi nasara a rubuce, domin takardun Chicago da Lausanne da ta 2004 sun tabbatar da haƙƙin talaka a aƙidar masu bishara. Sun kuma yi nasara a aikace a duk inda talaucin yake nesa, aka kuma iya magance shi ba tare da taɓa harajin gida ko ƙawance da jam'iyyar Rifabilikan ba. Amma inda maganar ta taɓo waɗannan biyu, kamar a Alabama da lamarin Joel Hunter, masu son taƙaitawa ne suka yi rinjaye. Ruwa ba ya tsami banza: tsohon zargin da ake yi wa bisharar zamantakewa, da rashin yarda da gwamnati, da tsoron rasa magoya baya, su ne suka haɗu suka haifar da wannan sakamako. A babi na gaba za a dubi yadda majami'un baƙaƙen fata da cocin Katolika suka tunkari wannan batu, domin a kwatanta.